Tsakanin Tausayi Biyu: Batun Fiɗiyar Kare a Mubi

Bahaushe ba ya raɗa wa abu suna sai in abin yana amfanarsa ko kuwa ya dame shi. Bunsurun da aka fiɗiye ya tashi daga bunsuru ya koma taure, sunan da kowane mahauci da mai kiwo ya san darajarsa. San da aka dandaƙe aka hore shi ga ɗaukar kaya ya zama takarkari. Kai, har ɗan Adam, a zamanin da fadojin sarakuna ke ajiye irin waɗannan bayin, an kira shi baba, jam'insa babanni. Amma fiɗiyayyen kare harshen bai keɓe masa suna ba, balle a yi zancen karyar da aka cire wa mahaifa. Wannan giɓi da ke cikin harshe ba a banza ya samu ba. Yana nuna cewa kakanninmu ba su ɗauki haihuwar kare a matsayin abin da ya shafe su ba. Ya haifa ko kada ya haifa, 'ya'yan su rayu ko su mutu, wannan tsakaninsa ne da juji.

A Mubi kuwa fiɗiya ba baƙon abu ba ce. Garin da kasuwar shanunsa ke tara dabbobi daga Kamaru da Chadi, manyan motoci suna kwasa zuwa kudu, ba za a koya wa mutanensa abin da ake nufi da dandaƙa ba. Makiyayi ya san wane maraƙi zai bari ya zama bijimin garke, wane ne kuma zai daƙe domin ya yi ƙiba ya yi sanyin hali. Da can da itace ake yi, a kwantar da dabba a yi ta bugun jijiyar maraina har ta mutu. Daga baya ma'aikatan dabbobi suka zo da wani ƙarfe mai kama da babbar awartaki, wanda ake kira Burdizzo da sunan likitan Italiya da ya ƙirƙiro shi, mai matse jijiyar ba tare da an fasa fata ba. Ba mu taɓa ganin an tsaya a kara ana muhawara a kan ko an zalunci taure ba. Nama ake nema, kuma nama ya rufe bakin kowa. Sai ranar da aka ce za a kai kare wurin likita a yi masa irin wannan aiki, a nan ne za ka ga tausayi ya motsa, ana salati, ana tambayar me dabbar Allah ta yi.

Mu ma sai da muka sha wannan tambaya, domin muna da karya a gida. Mun same ta tana kwikwiya, a shekarun da tsaron gida ya zama abin da kowane magidanci ke kwana da shi a rai, yara suka sa mata suna Ƙyalesu, irin sunan habaicin nan da mafarauta ke ba karnukansu. 'Yar gida ce, jar karya mai siririn ƙugu, ba ta da dangantaka da karnukan Turawa. Cikin shekara biyu ta haihu sau uku: shida, biyar, bakwai. Mai karatu ya tara da kansa. Haihuwar fari ba ta ba mu wuya ba, domin maƙwabta da 'yan uwa sun kwashe mazan tun ba su buɗe ido sosai ba. Matan ne suka yi kwantai. Kowa ya zo sai ya ɗaga kwikwiyo ya duba ƙarƙashinsa, in ya ga mace ya ajiye, ya ce ba ya son wadda za ta tara masa karnukan unguwa a ƙofar gida. Gaskiyarsa. Duk lokacin da ta shiga kwanakin barbara, mako biyu zuwa uku, bayan katangarmu kan zama dandali: karnukan da ba mu san daga inda suke ba, masu ƙazuwa da masu yagaggen kunne, su kwana suna faɗa, yara su kasa fita makarantar allo da asuba.

Kowa a garin nan ya san abin da ake yi da kwikwiyon da ba mai so, ko da yake ba a faɗa. A sa su a kwali ko buhu, a ba yaro ya kai bakin kogin Yedzaram ko bayan gari ya ajiye, ya juyo da gudu kada kukan ya biyo shi. Da rani rana ta gama da su, da damina ruwa. Waɗanda suka fi taurin rai su rayu, su tashi ba su san hannun mutum ba sai jifa, su ne gobe za su zo bayan katangar wani. Wanda ya aiki yaron bai zubar da jini ba, saboda haka yana ganin hannunsa tsarkakakke ne. A ganinmu wannan ita ce ainihin mas'alar. Zaɓin da ke gaban mai karya ba tsakanin wuƙar likita da barin halitta yadda Allah ya yi ta ba ne. Zaɓi ne tsakanin wuƙar likita sau ɗaya da buhu sau biyu a shekara. Cikin kare kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma kwikwiya kan isa haihuwa tun ba ta cika shekara ba. Karyar da ta yi shekara shida tana haihuwar biyar-biyar sau biyu a shekara ta zuba 60 ke nan a duniya, ba a lissafa jikoki ba. Wane gida ne a Lokuwa ko Kolere ko Wuro Patuji zai iya nema wa karnuka 60 masu riƙo?

Da muka fara tunanin kai ta asibitin dabbobi, wanda ya fara tare mu shi ne wani dattijon maƙwabcinmu, tsohon maharbi, wanda ya karɓi biyu daga 'ya'yanta na fari. Ya ce, “Malam, boko ne ya kai ku nan? Ku yanke wa baiwar Allah zuriya don ta hana ku barci?” Muka ce, “Baba, ai ku ma kuna yi wa mazan.” Ya ce wannan daban: namiji ana yi masa ne don ya bar yawo, ya zauna gida, ya yi jiki; amma a tsaga cikin mace a ciro abin da Allah ya ajiye, wannan shiga hurumin da ba namu ba ne. Maganar dattijon ta fito da wani abu da ya kamata a lura da shi. Gargajiya ta san fiɗiyar namiji domin abin a waje yake, aska ko itace na iya kaiwa gare shi. Mace kuwa ba ta da dandaƙa. Aikinta sai an buɗe ciki, don haka ba mamaki in ya zama baƙo a kunne. Abin da ido bai saba gani ba shi ake fara kira haram.

Tun da an ambaci hurumin Allah, dole mu koma ga malamai, kuma a nan mun tarar da fili ya fi yadda ake zato faɗi. Gaskiya ne akwai ayar Suratun Nisa'i, ta 119, wadda ta jingina sauya halittar Allah ga umurnin Shaiɗan, kuma wasu daga magabata masu tafsiri sun shigar da fiɗiyar dabbobi cikin ma'anarta. Amma Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk almajirin ƙasar nan ya bi ta kanta a zaure, ta halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kuma kawo hani a kan fiɗiye dawaki. Wato ba wuƙar ake dubawa ba, dalilin da ya sa aka ɗauke ta ake dubawa. In gyaran nama, wanda amfanin cikinmu ne kawai, ya isa hujja, yaya kawar da cuta daga mutane da kuma daga dabbar kanta zai kasa isa? Ba fatawa muke bayarwa ba, ba mu kai can ba. Tambaya ce irin ta ɗalibi. Sannan akwai labarin da malaman Malikiyya ke bayarwa game da shi Ibn Abi Zaid ɗin, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman tsoro, ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi a ajiye kare a gida, shi kuwa ya amsa da cewa da Malik ya ga wannan zamani da zaki zai ajiye. Mutumin Mubi da ya ga shekarar 2014 ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan amsa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda mazhabar da muke bi ta fi al'adarmu sassauci ga kare. A wurin Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umurni ne, ba don ƙazanta ba. Hadisi ya yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da gona, ya kuma ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishi. Amma a bakin Bahaushe kare zagi ne. Wanda ake aika wa ya ci mutuncin wani karen farauta ne. Yaron mota karen mota ne. Wanda ba shi da ta-cewa sai a gidansu an ce ba ya haushi sai a ƙofar gida. A tatsuniya ma, duk da ya fi kura wayo, rabonsa gudu ne. Dabbar da muka ajiye a wannan matsayi, ba ma ba ta abinci sai ƙanzo, ba ma kai ta asibiti, ita ce rana ɗaya muka tashi muna kare mata haƙƙin haihuwa. Muna zargin ba tausayinta ne ya motsa ba. Ƙyashin kashe mata kuɗi ne ya sami rigar addini ya sa.

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka sauya mata suna, mutane suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Wanda ke gudu da goyo ba ya waiwayar kare. Cikin Nuwamba aka ƙwato garin, kuma maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki tare da soja. Da aka fara komowa, karnukan da aka bari sun riga sun koyi ci da kansu, wasu ba su sake komawa gidajensu ba. Wannan shi ya nuna mana cewa tsakanin karen gida da karen juji babu katanga, 'yan makonni ne kawai na rashin mai gida. Ya kuma ƙara wa maharba ƙima a idonmu, har ya sa ba ma iya yi wa maganar dattijon maƙwabcinmu riƙon wasa. Mutumin da ya yi shekara 50 yana zaɓen iri, ya san wace karya ce ke haifar masu hanci, wace ce ke haifar masu zuciya, yana da haƙƙin ya ji tsoron ranar da 'yan boko za su bi gida-gida su ƙarar da irin. In karen bana ne maganin zomon bana, to dole wata ta haifi karen banan.

Sai dai akwai abin da ya fi barci da iri nauyi, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kare ne ke sa wa mutum shi a kusan kashi 99 cikin ɗari. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa da kwikwiyo, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar na bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, wata biyu ko uku galibi, wurin cizon ya warke an manta. Ranar da alamu suka bayyana, maras lafiya ya fara firgita da ganin ruwa, to sai dai addu'a. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allurar da ta cece shi a Faransa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka a ƙasar nan. Wanke cizo da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ya fi duk wani rubutu da tofi da za a fara da su.

A nan dole a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Fiɗiya ba rigakafi ba ce. Fiɗiyayyen kare in mahaukaci ya cije shi zai haukace kamar kowane. Abin da masana suka tabbatar shi ne in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa. Inda fiɗiya ke shigowa shi ne wajen riƙe wannan adadi. A garin da ake zuba sababbin kwikwiyoyi kowane wata, tsofaffi kuma suna mutuwa da wuri, allurar bana ba ta kai baɗi sai rabin karnukan sun zama sababbi marasa rigakafi, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Bin karnuka da guba ko bindiga kuwa, wanda hukumomi kan ruga gare shi in an yi cizo, an gwada shi a ƙasashe da dama bai yi magani ba, domin jujin da ya ciyar da na farko yana nan zai ciyar da wanda zai maye gurbinsa. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fama da wannan ciwo, ta kafa doka a 2001 cewa a kama karnukan titi a fiɗiye su, a yi musu allura, a mayar da su inda aka ɗauko su. Birnin Jaipur ya fara irin wannan shiri tun wajen 1994.

Kada kuma a ɗauka Turawa bakinsu ɗaya a kan batun. A Amurka fiɗiye kare abu ne na yau da kullum, har ana kallon wanda bai yi ba a matsayin maras kula. A Norway kuwa doka ta hana a yi sai da dalilin lafiya ko makamancinsa, kuma ba su da karnukan titi, domin kowane kare yana da mai shi, yana da igiya. Wani bincike da aka buga a 2013 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa a wani nau'in manyan karnuka, yin aikin tun suna ƙanana na ƙara musu ciwon gaɓoɓi. Ke nan aikin yana da farashinsa a jikin dabba, kuma wanda ya ce ba shi da wata illa ya faɗi son ransa. Amma mu ba a Norway muke ba. Ƙofofinmu a buɗe suke, katangunmu gajeru, kuma karnukanmu tare suke kwana da na kowa.

Likitan da muka je wurinsa bai yi mana wa'azi ba, lissafi ya yi mana. Ya ce karyar da ba a cire wa mahaifa ba, in ta manyanta, tana cikin haɗarin mahaifar ta tara mugunya, ciwon da ke kashewa cikin kwanaki in ba a yi tiyata ba. Cire ta da wuri kuma na rage ciwon dajin nono. Ya nuna mana wani kare da aka kawo, gabansa ya yi tsiro yana zubar jini, ya ce wannan wani irin ciwon daji ne da karnuka ke ɗauka wurin barbara, ƙwayar tsiron kanta ce ke tashi daga jikin wannan ta dasu a jikin wancan, kuma ya yawaita a duk inda karnuka ke yawo sakaka. Sannan ya faɗi nasa sharuɗɗan. Aikin mace ba irin na namiji ba ne: buɗe ciki ne, yana son allurar barci mai kyau da kayan aiki masu tsabta, kuma a ƙasa mai zafi da ƙuda irin tamu, jinyar bayan aiki ta fi aikin wuya. Ya ce, “Malam, in kun san ba mai zama da ita kwana goma, ku bar ta da mahaifarta, ku ɗaure ta lokacin barbara. Ya fi a yi aikin a sake ta ta tsinke ɗinkin a juji.” Ya kuma gargaɗe mu da allurar hana ɗaukar ciki ta mata da wasu ke saya a kemis su tsira wa karya, ya ce ita ce babbar hanyar jawo ruɓar mahaifar da ake gudu.

Ɗaurewar mun riga mun gwada ta kafin haihuwa ta uku, karnukan waje suka haƙa ƙarƙashin ƙyaure. Don haka muka tsai da shawara, ba tare da mun mai da ita doka ga kowa ba. Karyar gida irin tamu, wadda aka ajiye don gadi, ba don iri ba, kuma ba a da masu jiran 'ya'yanta, a cire mata; wannan ya fi kusa da tausayi. Namiji ba mu ga gaggawa a kansa ba, domin fiɗiye namiji ɗaya a unguwar da ke da ashirin ba ya rage kwikwiyo ko guda. In yawo da faɗa sun yi masa yawa, mai shi ya duba. Karyar maharbi mai kyakkyawan iri kuwa, wadda ake layin 'ya'yanta tun tana da ciki, a bar ta, da sharaɗin a yi mata allura duk shekara, ita da abin da ta haifa. Wahalar dai ita ce aikin da ya fi amfani shi ya fi tsada. Abin da muka biya ya kusa kuɗin buhun masara a lokacin, kuma mun san manomin Muchalla ko Gella ba zai sayar da buhu don cikin karya ba. Muddin hukuma ba ta haɗa wannan aiki da zagayen rigakafi ta sauƙaƙa shi ba, zai tsaya ne a gidajen ma'aikata, alhali ƙasashen duniya sun sa wa kansu shekarar 2030 a matsayin lokacin da za a daina mutuwa da cizon mahaukacin kare.

An yi mata aikin da sanyin safiya cikin hunturu, lokacin da ƙuda ya yi sauƙi. Uwargida, wadda tun farko ba ta son karyar ta wuce zaure, ita ce ta yanka tsohon zane ta ɗaure mata ciki don kada ta lashi ɗinkin, ta kuma riƙa dama mata kunu. A rana ta goma sha biyu aka cire zare. Haushinta bai ragu ba, ko da yake ta ƙara jiki, sai da muka rage mata tuwo. Daga cikin bakwai ɗin ƙarshe, dattijon maƙwabcinmu ya ɗauki mace ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce tun da mun rufe rijiya bari ya tare ruwan da ya saura. Mun roƙe shi ya bari a yi mata allurar haukan kare in ta cika wata uku, ya yarda, da sharaɗin mu za mu biya kuma ba za a kusance ta da wuƙa ba. Har yau in mun haɗu a hanyar masallaci yakan tambaye mu lafiyar “juyar Malam”, mu kuma mu tambaye shi nawa tasa ta haifa.